Riƙon Marainiya Daga Ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a birnin Kano, ya kuma taɓa sauraron hirar ma'abuta motoci a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya san cewa a wurinmu abin da ke ɗaukaka darajar mota guda ne, wato in ta kwanta maka a hanyar Gwarzo ko ta Wudil, a sami yaron bakanike a gindin bishiya wanda zai gane ciwonta daga jin kukanta, a kuma sami kayanta a Ƙofar Ruwa kafin a kira magariba. Wannan ne ya sa iyayenmu suka yi wa Peugeot mubaya'a tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, mu kuma muka mayar da mubaya'ar ga Toyota da Honda da Golf. To ni, da yake Allah ya jarrabce ni da son abin da ba kowa ke da shi ba, sai na saɓa wa ijma'in jama'a, na sayi Saab.

Musabbabin al'amarin wani dillali ne mai fara'a da yawan rantsuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda har yau sahu ɗaya muke bi. Shi ya kawo mini ita har ƙofar gida, sabuwar shigowa daga Kwatano, a zamanin da ba a riga an hana shigo da motoci ta iyakar tudu ba, hanin da ya fara aiki a farkon 2017. Doguwa ce baƙa mai faɗin ƙirji, samfurin da ake kira 9-5, ƙirar shekarar 2000, a goshinta akwai tambarin kan wani jan tsuntsu sanye da kambin sarauta. Ya shafa bayanta ya ce, "Malam, ka san su wa suka ƙera wannan? Maƙeran jirgin sama. Wata tsohuwar Baturiya ce ke da ita a Beljiyam, daga gida sai coci, daga coci sai gida." Ita wannan tsohuwa na sha jin labarinta a bakin dillalai, har ina kyautata zaton babu wanda ya kai ta yawan motoci a Turai duka, amma zancen jirgi gaskiya ne, domin an kafa kamfanin a ƙasar Suwidin a 1937 don ƙera jiragen yaƙi, sai da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, kasuwar jirage ta ja da baya, kana suka waiwayi mota, suka fara fitar da ita a ƙarshen 1949. Da ya faɗi kuɗin na ji bai kai na tsohuwar Corolla mai tsatsa ba, ban ko tsaya taya mai tsawo ba. Aka ƙulla ciniki a gaban shaidu, ya gyara mata tsayuwa, ya zare makulli da hannunsa ya miƙo mini, ya karɓi la'adarsa, ya tafi da wani irin sauri wanda sai daga baya na fahimci tafsirinsa.

Washegari Juma'a ce. Da lokacin tafiya masallaci ya gabato, maƙwabta sun taru suna yi mini Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, na tattara babbar rigata na shiga na zauna, na kai makulli inda kowane ɗan Adam ke kai makulli, wato gefen sitiyari, sai na iske wurin a shafe, babu rami babu alamarsa. Na laluba dama, na laluba hagu, na sunkuya har hulata ta faɗi, jama'a kuwa suna tsaye suna jiran su ji kukan jirgin sama, har sai da wani yaro wanda ko allo ba a wanke masa ba ya leƙo ta taga, ya nuna ƙasa tsakanin kujeru biyu, bayan giya, ya ce, "Baba, ga wani rami nan." Ashe mutanen Suwidin sun yi nazari sun ga in an yi karo makullin gefen sitiyari ne ke fasa wa direba gwiwa, saboda haka suka saukar da shi inda gwiwa ba ta zuwa. Hikima ce babba, kuma da an gaya mini ita kafin maƙwabta su taru da na fi yaba mata.

Na isa masallaci liman ya riga ya hau mumbari, na kashe mota, na ja makulli, ya ƙi fita. Na murɗa, na jijjiga, na karanta abin da ya sawwaƙa, yana nan daram. Da na ga za a ta da iƙama, sai na kira wani almajiri na ɗora shi a kujerar direba, na gargaɗe shi kada ya taɓa kome, na shiga sahu da gangar jikina, zuciyata kuwa tana waje, ta yadda har yau ban san surar da liman ya karanta ba, kuma ina da shakka a kan ingancin wannan salla. Da aka sallame na tarar almajirin ya gayyato abokansa, sun cika motar gaba da baya suna cin rogo da ƙuli. Wani tsohon direba, wanda ya ce ya taɓa tuƙa Turawa a Legas, shi ya tsaya ya dube ni da idon rahama, ya ce, "Alhaji, sa ta a ribas." Na sa, makulli ya fito salin alin. Haka aka gina ta, ba ta sakin makulli sai an kulle giyarta a ribas, don ɓarawo ya sha wuya. Kuma lalle ya sha, domin wani dare wani ya fasa gilashi ya shiga, ya kwance murfin sitiyari kaf yana neman abin da ya saba samu a wurin, da abin ya gagare shi sai ya haƙura da carbina da kwalbar turare.

Babbar jarrabawa ta zo ne a watan Afrilu, tsakiyar bazara, ranar da aka ɗora mini nauyin kai surukina ɗaurin aure Zariya. Dattijo ne mai kawaici, tsohon muhutin kotu, wanda ke tsakanina da shi akwai kunyar nan da al'ada ta wajabta, ba na haɗa ido da shi, shi kuma ba ya kiran sunana. Na buɗe masa gaba, na kunna masa na'urar sanyi, muka kama hanya. Muna wuce Kura na ga ya fara gyara zama. Kafin Kwanar Dangora ya karkata a ɓarin dama, can ya koma ɓarin hagu, gumi yana tsattsafo masa ta ƙarƙashin rawani alhali iska mai sanyi tana kaɗa gemunsa, carbinsa kuwa yana gudu fiye da motar. Ina ganinsa ta wutsiyar ido, ya kama mariƙin nan na saman ƙofa yana ɗan ɗaga jikinsa daga kujera yana saukewa, amma wane ni in tambayi surukina abin da ke damun wannan sashe na jikinsa? Sai da muka kai Tashar Yari ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam, injin motar nan, a ƙarƙashina yake?" Na ce, "A'a, Baba, yana can gaba." Ya yi shiru wani lokaci mai tsawo, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya sa kaffara ce."

A Zariya a tsaye ya halarci ɗaurin auren daga farko har aka shafa fatiha, mutane suna ta yabon tawali'unsa, ya kuma ce in yi gaba, shi akwai wanda zai gaisar, ya dawo Kano a motar haya. An kai ga jiƙa masa sassaƙe da karɓo rubutu kafin a gano cewa autana ne ya murɗa wani ɗan maɓalli a gaban mota har ƙarshensa. A cikin kujerar akwai wayoyin lantarki masu ɗumama mazaunin mutum, abin da wannan kamfani ya riƙa sa wa motocinsa tun farkon shekarun 1970 saboda ƙasarsu ƙasar ƙanƙara ce, kamar yadda ya sa wa fitilunta na gaba 'yan ƙananan waifa don share dusar ƙanƙara, waɗanda a nan sai ƙurar hunturu suke sharewa. Ni dai ban ga laifin motar ba: an umurce ta ta ɗumama dattijo, ta kuwa ɗumama shi bil haƙƙi da gaskiya. Akwai kuma wani maɓallin da in an danna shi da dare duk agogunan gaba suke mutuwa, alluran su faɗi ƙasa, sai na gudu kaɗai ya rage, don kada haske ya dami idon direba. Wannan ya ci mini yini guda da kuɗin mai wayarin kafin a gane ba lalacewa ba ce.

Ana nan ana nan, wani bakanike ya yi mata juyen baƙin mai, ya ga filoginta sun tsufa, ya sa mata irin waɗanda ya samu a aljihunsa. Ba a jima ba, muna dab da Bichi, ta ɗauke numfashi ba tari ba atishawa, sai janwe ya dawo da mu. Na kai ta wurin wani babban bakanike wanda ya tsufa a cikin Peugeot, ya ɗaga bonet, yaransa suka kewaye shi. Ya nemi wayoyin filogi bai gani ba, ya nemi kwayil bai gani ba, abin da ya gani wata baƙar sanda ce mai faɗi an ɗaure ta a kan injin, ta rufe filogin nan huɗu ruf. Ya daɗe yana dubanta hannunsa a ƙugu, sa'an nan ya sauke bonet a hankali, ya ce, "Malam, wannan sai wanda ya haife ta." A cikin sandar nan ne kwayil huɗu suke, kuma ta cikin filogin ne ƙwaƙwalwar motar take sauraron yadda mai ke ƙonewa, shi ya sa ba ta karɓar kowane filogi sai nata, in an sa mata bare sandar ta ƙone; waɗanda suka san halinta a Turai ba sa tafiya sai da wata a but. Na naɗe ta a jarida na shiga Ƙofar Ruwa rumfa rumfa, 'yan kasuwa suna miƙa wa juna ita suna jinjina nauyinta, wani ya ce ta janareto ce, wani ya ce ya taɓa ganin irinta a injin markaɗe.

Ɗan ƙanwata ne ya duba wayarsa da daddare, ya ɗago kai da fuskar mai ta'aziyya, ya ce, "Kawu, sai haƙuri, kamfanin ya rasu." Ya karanta mini tarihin jinyar daki-daki: General Motors na Amurka ya mallaki rabinsa a 1990, ya cike sauran a 2000, da shi kansa ya faɗa cikin matsi a 2009 sai ya sayar da shi a 2010 ga wani ɗan ƙaramin kamfanin Holan mai suna Spyker, masana'antar da ke garin Trollhättan ta tsaya saboda an kasa biyan masu kawo kaya, a watan Disamba na 2011 kuma aka miƙa wa kotu takardar karyewa. Wato a ranar da dillalina yake shafa bayanta, an daɗe da yin sadakar arba'in. Na tare shi bayan asuba, ya dafa ƙirji ya ce, "Subhanallahi, Malam, wa ya ce ya mutu? Yana nan da ransa, jiragen yaƙi ma yake ƙerawa!" Wannan ma gaskiya ce, irin gaskiyar dillalai, domin ɓangaren jirage ya daɗe da rabuwa da na motoci, shi ke ƙera jirgin yaƙin nan Gripen. Na ce to ya rubuta musu su aiko mini da sanda, ya ce shi dillalin mota ne, ba na jirgi ba.

Daga nan na kai mas'alar gaban malamin unguwarmu, domin na san a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya sayi haja ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Malam ya saurare ni har na dasa aya, ya tambaya ko ranar ciniki tana tafiya, na ce tana tafiya; ya tambaya ko an rantse mini cewa maƙerinta yana raye, na ce an dai ce maƙeran jirgi ne. Ya yi murmushi ya ce malamai sun yi magana ne a kan aibin da ke jikin haja, kuma da mutuwar maƙeri tana warware ciniki da an mayar da rabin kayan Kasuwar Kurmi. "Marainiya ce Allah ya kawo hannunka," in ji shi, "ka riƙe ta da kyautatawa." Na lura bai ce ga gudummawarsa ba.

Riƙon nata kuwa nake yi har yau. An binciko mata dangi na nesa, domin a zamanin General Motors an gina ta ne a kan ƙashi ɗaya da Opel Vectra, saboda haka wasu 'yan kayan ƙafa da na birki sukan shiga in an lallaɓa. Sandar kuwa sai da wani ɗan'uwa da ke Ingila ya sayo ya ba mai zuwa gida, na kuma roƙi a ƙaro ta biyu, tana nan a but naɗe da tsohon zane. Ranar da take da lafiya, in na hau titin Zariya na taka totur, babu Honda ɗin da ke ganin ƙurarta, kuma a irin wannan rana nakan yafe wa dillali har zuciyata. Wani mai A Daidaita Sahu ya taɓa ƙwala mata ta baya, kekensa ya koma garejin masu walda, ita kuwa jikinta ko gezau, sai fitilar baya ta hagu da ta tarwatse, wadda aka neme ta a Panteka ta Kaduna aka rasa, aka aika Ladipo ta Legas aka rasa, har mai gyaran bodi ya yanko jan murfin bokiti ya liƙa a gurbin.

Na sa ta a kasuwa, masu saye sukan zo su yaba, su zauna su laluba gefen sitiyari, su tambayi inda ake samun kayanta, su ce za su yi shawara da gida. 'Yan gwangwan kaɗai ne suka taɓa yi mata tayi na haƙiƙa, su ma a kan nauyin ƙarfe. Surukina har yanzu in za mu yi tafiya tare a kujerar baya yake zama, da buzun sallarsa a ƙarƙashinsa. Saboda haka ina roƙon masu karatu, don Allah duk wanda ya san inda wata irinta take kwance, a bayan gidan wani ko a harabar wata ma'aikata, awaki suna kwana a ƙarƙashinta, ya duba mini ko fitilarta ta baya ta hagu tana nan, ya sanar da ni ta hannun Edita. Zan biya kuɗin mota da na goro.