Keken da Ba Ya Firi

To jama'ar Kazaure da Roni da Gwiwa, da ku mutanen Babura da ba a gama zance sai kun ce a kawo shaida, ku gyara zama. Akwai wani keke da samarin New York da Landan da Tokyo ke rububinsa, kuma duk taƙamarsa a kan abubuwan da ba shi da su ne. Ba giya, ba madigadi, ba kariya, ba ƙararrawa, wani ma ko birki babu. Uwa uba, ba ya firi. Muddin tayar baya na juyawa feda na juyawa, ƙafarka kuma tana biye, ka so ko ka ƙi. Fiksi suke ce masa.

Na ji kawu daga can ƙarshen tabarma yana cewa, "Wannan ai mataccen keke ne." Kawu, ba ku yi nisa da gaskiya ba, amma ku bari in kai aya.

Keken da muka sani yana da firiwil a tayar baya. A cikinsa akwai 'yan ƙananan harsunan ƙarfe da ke kama haƙori in ka taka, su saki in ka tsayar da ƙafa. Su ne ke wannan ƙas-ƙas-ƙas ɗin mai daɗi lokacin da ka saki keke a gangara kana shan iska. A fiksi an cire wannan gaba ɗaya, an ɗaure ƙarfen mai haƙora a cibiyar taya kai tsaye. Ka taka gaba ya yi gaba, ka taka baya ya yi baya. In tsayawa kake so, sai ka yi kokawa da feda da ƙarfin cinya, ko ka ƙame ƙafa taya ta darje a kan kwalta har ta gaji ta tsaya.

Mai cewa sabon salon Turawa ne, shi ma ya saurara. Fiksi ya girmi kekenka. Kafin firiwil ya bazu a ƙarshen shekarun 1890, haka ake hawan keke. Masu tsere a zagayayyen fili mai jirkitaccen bango ba su taɓa rabuwa da shi ba, har gobe shi suke hawa, ba birki. Kada wani ya ce sai a ƙasar waje: akwai irin wannan fili a babban filin wasa na Abuja, an gina shi don wasannin Afirka na 2003. A Japan kuwa tun 1948 ake wata tsere da shi mai suna keirin, wadda aka fara a garin Kokura, mutane na zuba kuɗin caca a kai, Allah ya tsare. 'Yan aiken da ke raba takardu tsakanin ofisoshin New York a shekarun 1980 su suka sake fito da shi kan titi, don abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne, ɓarawo ma in ya zo bai samun abin kwancewa. Bayan shekara ta 2000 'yan gayu suka gani suka ƙyasa, suka shafa masa fenti kore da ruwan hoda.

Abin da ke ba ni dariya shi ne mu nan mun daɗe da namu, ba wanda ya ɗauke mu hoto. Je ka gindin dalbejiya wajen mai gyaran keke ka zauna rabin wuni. Wani zai turo nasa, firiwil ya cinye, feda na juyawa a banza keke na tsaye yana kallonsa. Mai gyara zai juya feda da hannu, ya kasa kunne, ya ce, "Malam, sai an sa sabo." Malam zai laluba aljihu ya dubi sama. Daga nan sai a ɗauko guntuwar waya a naɗe ƙarfen da wayoyin taya tamau, ko a kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta sau uku. Shi ke nan, malam ya tashi da fiksi. Birki kuwa ai tuni robar ta ƙare, silifas ake dannawa a taya, shi ya sa za ka ga takalmin yaro ɗaya ya zaizaye ɗaya na nan garau. A Landan wannan gayu ne. A hanyar Gwiwa kuɗin firiwil ne babu.

Sai dai kada ku yi saurin tafa hannu, masu dariya, don keken yana da hujjarsa. Ku mutanen Babura kun fi kowa sanin abin da rairayi ke yi wa ƙarfe. Ƙurar hunturu ta shiga firiwil ta haɗu da baƙin mai, harsunan nan su liƙe. Kekunan gwanjo masu giya ashirin da ɗaya da yara ke mutuwar so, sau ɗaya za su faɗi ta gefen dama abin canja giyar ya lanƙwashe, a zagaye kasuwa ba a samu irinsa ba, ƙarshe mai gyara ya yanke sarƙa ya mayar da shi giya ɗaya. Keken da ba shi da waɗannan tarkace ba shi da inda zai ba ka kunya. Ga rashin nauyi, ga sarƙa miƙe sambal. A shimfiɗaɗɗen titi yana tafiya shiru, ba ƙara ba gurnani.

Kai kuma ɗana na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, da ka gani a TikTok ka fara tara kuɗi, zo nan. Wanda ka gani yana darje taya a bidiyo bai nuna maka lissafin ba. In farantin gaba na da haƙora 48, na baya 16, duk zagaye ɗaya na feda taya za ta juya sau uku cif. Ma'ana duk lokacin da ka ƙame ƙafa, wuri ɗaya tak ne a jikin tayar zai ci kwalta. Kafin ka farga wurin ya zama tafin hannu, mai faci ya san sunan kakanka. Sannan ƙasarmu ba faranti ba ce. Ka hau shi ka gangaro daga tuddan Roni, ko wajen duwatsun Kazaure, ka ga yadda feda za ta riƙa wulwula ƙafarka ba da izininka ba. Ga akuya, ga amalanke, ga ɗan acaɓa da ya fito daga lungu ba sallama. Kuma ka tuna da suturarmu. In bakin wando ko gefen riga ya shiga sarƙar keken gida, ka tsayar da feda ka zare. Fiksi ba ya jin a tsaya, ci gaba yake da naɗewa. Buhun gero ko jarka biyu ta ruwa kuwa ba ka da inda za ka ɗaura.

Zancen birki ba na wasa da shi. A Fabrairun 2016 wani matashi a Landan ya buge wata mata da irin wannan keke marar birkin gaba, ta rasu. Dokar Ingila ta wajabta birkin, kuma a 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18.

Saura Alhaji, da tun ɗazu yake taɓe baki wai keke abin hawan talaka ne. Ranka ya daɗe, a 2001 da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce a koma hawan keke, har ya hau da kansa a Abuja mota ta ture shi, ku ne kan gaba wajen dariya. Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Tun daga nan motarku ke lulluɓe da tamfol, ku kuma kun gano cewa tafiya masallaci a ƙasa ta fi lada. Mun yarda. Amma wancan tsohon Raleigh ɗin da ke jingine a zaure tun zamanin Shagari, kaji na kwana a kansa, a sa yara su fito da shi a duba. In tsatsa ta daskarar da firiwil ɗin, to Alhaji kun mallaki fiksi ba ku biya ko sisi ba. A sa masa birkin gaba, a naɗe babbar riga, mu haɗu a kan titin Daura bayan la'asar.