Yadda Shara Ke Zama Fasaha: Bayani Ga Matan Kurya Madaro

Akwai wani reshe na fasaha a ƙasashen waje da ya kamata matan Kurya Madaro su sani, domin sun daɗe suna yin sa ba a sanar da su ba. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: mace ta yi wani abu a bainar jama'a don nuna halin da mata ke ciki, 'yan kallo su sa hannu, gidan tarihi kuma ya karɓi kuɗin shiga.

A 1973, Mierle Laderman Ukeles ta je gidan tarihi na Wadsworth Atheneum a garin Hartford na Amurka, ta durƙusa ta wanke matakala da daɓe na tsawon awanni. Yau ana karantar da wannan wanki a jami'o'i. A Kurya ana gabatar da irinsa kullum bayan sallar asuba, har da ƙarin goyo a baya, sai dai mai ɗaukar hoto bai iso ba tukuna.

A 1964, Yoko Ono ta zauna a dandamali a birnin Kyoto na Japan, ta ajiye almakashi, ta bar 'yan kallo suna yankar tufafinta. Ba a ba da shawarar gwada wannan tsakanin Ƙaura da Zurmi ba, saboda dalilai biyu. Na farko kowa ya san shi. Na biyu tsadar atamfa.

A 2010, Marina Abramovic ta yi zaman sama da awa 700 a gidan tarihi na MoMA da ke Niyok ba ta ce uffan ba, mutane na bin layi su zauna gabanta. Amaryarmu ta fi ta sanin kasuwa: ita ma tana shirun, amma bakin ba ya buɗuwa sai abokan ango sun saye shi.

Ta fannin sa hannun 'yan kallo kuwa, kiɗan amada ya gama magana. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shekara da shekaru tana kiran mata su kama sana'a. A wurin wasanta ba a zama ɗan kallo: wata na amshi, wata na rawa, wata na guɗa, wata na liƙi.

Saura batun adanawa. Tunda ba a sa rawa a akwatin gilashi, gidajen tarihi kan ajiye kayan su sallami mai kayan. A Gidan Makama na Kano, ginin da ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, akwai ɗakin amarya da jerensa, babu amarya. Tsarin yana da hikima: kwano ba ya tambayar kuɗin cefane.

Don haka abu uku kawai suka rage wa matan Kurya: farin bango, 'yar takardar bayani da Turanci mai wuya, da mai gadin da zai hana a taɓa turmi. Kafin su samu, maigidan da ya tarar ana daka ya sani baje koli yake kallo kyauta. Idan aka miƙo masa taɓarya, ba raini ba ne, gayyata ce. Idan ya ƙi karɓa, wannan ma yana cikin wasan, kuma shi ne ɓangaren da ya fi daɗewa ana nunawa.