Injin Gudun Da Ya Tara Mini Jama'a A Diko

A Diko magidanci ba ya gudu. Yaro in ya yi gudu wasa yake, kwandasta in ya yi gudu a mararraba fasinja ya hango. Amma mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a sakandare, in aka gan shi yana sheƙa gudu da asuba, to ɗayan biyu ne: ko ana binsa, ko shi ke bin wani. Likitana bai san wannan doka ba, ko kuwa ya sani ya yi biris da ita, ranar da ya ɗaure mini dantse da abin awon jini, ya dubi tumbina, ya girgiza kai. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan yi sama, ko minti 75 in mai ƙarfi ne irin gudu. Na ce ai kullum da ƙafa nake zuwa masallaci. Ya tambaye ni nisansa. Da na ce katanga ce ta raba mu, sai ya ci gaba da rubutu bai ƙara cewa komai ba.

Kada a ce ban gwada a fili ba. Wata asuba na ari wandon ƙwallon ɗana na kama hanyar Lambata. Ban yi nisa ba wani ɗan acaɓa ya ci burki a gabana.

"Baba, lafiya? Hau in kai ka, ba sai ka biya ba."

Na ce motsa jiki nake. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Allah ya yaye." Can gaba wasu matan Gbagyi, kowacce da ƙwarya shaƙe da doya a kafaɗa, suka cim mini, suka gaishe ni da ladabi, suka wuce ni. Su tafiya suke, ni gudu nake. Kafin in dawo gida labari ya riga ni isowa, har surukata ta aiko da rubutu a gora wai in sha in shafa.

To shi ya sa na yanke shawarar sayen injin gudu, wannan da ake hawa ana taka bel yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. In kulle ɗaki, in yi zufata, babu mai ganina. Mutuncina nake son saye, injin kuwa gyara ne.

Ɗan yayata da ke aiki a Abuja shi ne malamina a wannan fanni, kuma gaskiya ya san abin. Ya ce, "Kawu, abu huɗu za ka duba. Na farko mota, wato injin da ke juya bel: in gudu za ka yi ba tafiya ba, kada ta gaza ƙarfin doki biyu da rabi, kuma ka tabbata ƙarfin da take iya riƙewa ne a kai a kai, domin masu sayarwa sun fi son rubuta ƙarfin da take kaiwa na ɗan lokaci, shi ya fi girma a takarda. Na biyu bel: tsawonsa ya kai wajen santimita 140, faɗi wajen 50, in ba haka ba ƙafarka za ta riƙa faɗawa waje. Na uku nauyin da aka rubuta injin zai ɗauka, ya fi naka da rata mai kyau." Nan ya saci kallon tumbina, na yi kamar ban gani ba. Na huɗun ana cikin faɗinsa aka kira shi a waya, ya fita. Don haka duk abin da ya biyo baya, a wuyansa yake.

Na shiga Suleja na zagaya shagunan kayan wasanni. Sabo dal, mai duk waɗannan sifofi, kuɗinsa ya isa mutum ya sayi babur ya ba yaro yana kawo masa balas kullum. Na yi salati na fito. A wani shagon aka nuna mini mai araha wanda ba ya amfani da wuta sam, kai ne za ka tura bel ɗin da ƙafarka kana riƙe da ƙarfe. Na hau na tura, bai motsa ba. Na ƙara turawa, injin gaba ɗaya ya matsa ya buge kwalin ƙwallaye. Mai shago ya ce in sauko haka nan.

Daga nan wani ya yi mini kwatancen mai kayan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje a kwantena. A can na gan shi, tsakanin wani firji da keken guragu: baƙi, dogo, faffaɗa, an rubuta doki biyu da rabi a jikinsa. Kuɗinsa bai kai sulusin sabo ba. Mai kayan ya dafa shi ya ce, "Alhaji, wannan daga Amurka ya zo, wata tsohuwa ce ke da shi, ba ta taɓa hawa ba." Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma wanda ya kira ka Alhaji a kasuwa ba a yi masa gardama. Na ce a gwada. Ya ce babu wuta. Wannan amsa ce da duk ɗan Najeriya ya san ba ƙarya ba ce, sai na biya.

A-kori-kura ta ɗauko mu, ni a baya na rungume shi har Diko. A ƙofar gida aka gane cewa wanda ya gina zaurenmu bai yi tunanin Amurka ba. Aka juya shi ta gefe, aka ɗaga, aka kwantar, ya ƙi shiga. Sai da aka kira kafinta ya cire ƙyauren, majiya ƙarfi na unguwa suka taru ana "ɗaga nan, sassauta can". Abin da na saya don kada kowa ya sani, kafin magariba ko limaminmu ya zo ya gan shi. Da aka tambaye ni na mene ne, na ce na aiki ne, na yi shiru. Washegari da sassafe yara suka yi layi a ƙofar gida da robobin wake da tumatir, wai iyayensu sun ce an kawo sabon injin markaɗe.

Abu na huɗu da ɗan yayata bai ƙarasa faɗa ba, mai gyaran wuta ne ya gano shi, a wata 'yar takarda da aka manna kusa da wayar: bolt 120. Wutar Amurka ke nan. Tamu ta nan 230 ce, kusan ninki biyu. Ya ce da na jona shi kai tsaye da yanzu ana zaman makokinsa. Sai an sayi taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma ba irin ƙaramar nan ta askin wanzamai ba. Ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke: doki ɗaya wat 746 ne, biyu da rabi kuwa ya doshi wat 1,900, don haka taransifomar sai wadda ta fi haka. Na saya. Nauyinta kaɗai ya isa motsa jiki, kuɗinta kuma ya cinye rabin arahar da nake taƙama da ita a majalisa.

Sai kuma aka shiga jiran wuta. Da jira ya yi tsawo na ce a tayar da ɗan janareton gida, wannan ƙaramin da ba ya kai wat dubu, mai ɗaukar fanka da talabijin. Ina danna maɓalli ya yi wani tari kamar tsohon da garin taba ya sarƙe, ya mutu. Maƙwabcina ya ba ni aron babba. Wannan kam ya ɗauka, amma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk wanda ya ƙona lita don ya yi tafiyar da ba za ta kai shi ko'ina ba, sai ya yi wa iyalinsa bayani. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wai man da za ka kai mu Gawu biki da shi ne kake takawa a tsakar ɗaki?" Ga kuma ƙarar janareto, wadda ta zama ƙararrawar sanar da yaran unguwa cewa Baba ya hau, su zo su leƙa ta taga.

Saboda haka na koma dogaro da wutar gwamnati, ita kuwa a unguwarmu ta fi son zuwa tsakar dare. Wani dare wajen ƙarfe biyu na ji fanka ta motsa. Na diro daga gado da jallabiyar barci, ko takalmi ban nema ba, domin wanda ya san halin baƙuwarsa ba ya ɓata lokaci wajen ado. A nan ya kamata in yi bayanin wani ɗan makulli. Kowane injin gudu mai aiki da wuta yana da shi: mayen ƙarfe ne da igiya, ka manna shi a allon injin, ka maƙale igiyar a rigarka, in ka zame ya fizge injin ya tsaya. Tsohuwar Amurka ba ta haɗo da nata ba, sai mai gyaran wuta ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo ya manna da salatif. Injin na tashi, amma babu abin da zai tsayar da shi sai Allah ko masu wuta.

Na danna 6, a nufina kilomita shida a awa, tafiyar dattijo mai hanzari. Ashe allon da mil yake lissafi, mil shida kuwa ya kusa kilomita goma. Bel ya ɗauka. Na ɗauka. Jallabiya ta ce ba da ita ba. Ina neman maɓallin ragewa a duhun ɗaki na danna na tudu, gaban injin ya fara ɗagawa, na zama mai hawan dutsen Zuma da gudu cikin rigar barci. Ina cikin wannan hali masu wuta suka ɗauke abarsu. Bel ya tsaya, ni ban samu labari ba. Na wuce ta kan allon na sauka a kan kwanukan uwargida na gado, waɗanda ta jera a kabad tun ranar aurenmu.

Ƙarar kwanon samira ba ta da sirri. Uwargida ta farka ta kurma ihun ɓarayi, maƙwabta suka amsa, 'yan sintiri suka iso da tocila da gora. Ƙyauren zaure kuwa tun da kafinta ya mayar da shi bai ƙara kulluwa daidai ba, don haka babu wanda ya sha wahalar shigowa. Suka haske ni ina zaune a ƙasa, murfin tukunya a cinya. Shugabansu, yaron da na sani tun yana tallan rake, ya ce, "Baba, ina suka bi?" Na nuna taga. Har gobe akwai masu rantsuwa sun ga mutum biyu sun tsallake katanga.

Cikin masu zuwa jaje akwai wani malamin tarihi na makarantar sakandare. Ya zagaya injin, ya ce ai asalinsa horon fursunoni ne: wani injiniya a Ingila, William Cubitt, ya ƙirƙiro shi a 1818, wata babbar ƙafa mai matakala da 'yan sarƙa ke takawa sa'o'i, a wasu gidajen yarin tana niƙa hatsi ko jawo ruwa, har daga baya Turawan da kansu suka ga abin ya yi muni suka daina. Uwargida ta ce, "Ka ji ko, Malam? Su kyauta aka ba su, kuma har gari suke samu. Ashe yaran da suka kawo markaɗe sun fi mu sanin tarihi." Ban tanka ba, saboda haƙarƙarina ba ya son doguwar magana a lokacin.

Da hunturu ya shigo, ƙura ta shige ƙarƙashin bel ya fara kuka. Ɗan yayata ya ce man silikon ake sa masa. A Diko babu wanda ya taɓa jin sunansa, man gyaɗa kuwa ga shi a kicin, kuma mai mai ne. Kukan ya daina. Tururuwa suka zo, ɓeraye suka biyo baya, suka lashe man suka haɗa da wayoyi. Mai gyaran wuta ya buɗe ya duba ya rufe, ya ce in yi haƙuri. Yanzu an fito da shi tsakar gida, kuma uwargida ta shaida cewa baƙin bel ɗin nan ba shi da na biyu wajen shanya kuɓewa da barkono, ga ƙarfen riƙo na rataye tsumma.

Don haka, jama'a, akwai injin gudu na sayarwa a Diko, ɗan Amurka, doki biyu da rabi, tsohuwa ba ta taɓa hawa ba, ni ma ban more ba. Taransifoma kyauta ce. Mai so ya zo da kuɗinsa, da kafintansa, da majiya ƙarfi, kuma ya bari sai bayan la'asar, lokacin an kwashe kuɓewa.