Asibiti a Tsakiyar Teku

Masu haɗa taswira a baƙin allon kwamfuta suna ji da GDAL, manhajar kyauta da Frank Warmerdam ya fara rubutawa a 1998. Layi ɗaya za ka buga wa ogr2ogr, ɗaya daga cikin kayan aikinta, ta juye maka dubban wurare kafin shayinka ya huce. Aibinta ɗaya, ba ta musu. Ka ba ta sifili biyu a gurbin latitud da longitud da wani ya manta cikewa, sai ta kwashi asibiti da makaranta ta dasa su a teku, kudu da Ghana. Mutuminka mai haɗa taswira kuwa ya buɗe manhajar hyperfine yana auna gudunta, har da tafi, wai asibitin ya isa ruwa cikin rabin daƙiƙa.