Yadda Za Ka Ba Kwikwiyo Ƙashi Ba Tare da Ka Mayar da Shi Wawulo Ba

Idan ka tashi da asuba za ka masallaci, ka tarar da silifas ɗinka ƙafa ɗaya ya koma kamar ɓeraye sun yi biki a kansa, kada ka zargi yaran maƙwabta. Leƙa bayan randa, za ka ga mai laifin kwance yana kaɗa wutsiya. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Abin da ba su faɗa mana ba shi ne dalili: dasashi ke masa ƙaiƙayi.

Haƙoran nono 28 kwikwiyo ke farawa da su, masu tsini kamar allura, suna fitowa tun yana ɗan mako 3 zuwa 6. Daga wata 3 zuwa 4 sai famfara ta kama shi, kafin ya cika wata 7 ya jera na girma guda 42. Ya fi ka da goma ke nan, kai mai taƙama da 32, in ma duk suna nan. A wannan tsakanin dole ya gwigwiyi wani abu. Ko dai ka zaɓa masa, ko ya zaɓa da kansa, kuma ɗanɗanonsa ya fi karkata ga takalmin Sallah.

Shawara ta farko: hana shi ƙashin da ya ga wuta. Na san zuciyarka mai kyau ce, ka gama da tuwo, ka tsotse cinyar kaza, ka ga idanunsa sun yi rau-rau kamar na maraya. Daure. Ƙashin da aka dafa, aka soya ko aka gasa yakan bushe, in aka tauna shi sai ya tsage tsini-tsini, ya soki maƙogwaro ko ya huda hanji. Ƙari kuma miyar tana da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kare. Tsinken tsire kuwa ko a mafarki kada ya gan shi.

Ta biyu: je wurin mahauci da sassafe, tun ƙuda bai yi sallama ba. Ɗanyen ƙashi kake nema, mai nama-nama da guringuntsi a jiki, kamar na ƙirjin rago. Kada kunya ta sa ka ce wa mahauci na miya ne, domin zai sassara maka shi ƙanana, ka biya kuɗi ka sayo abin shaƙewa. Faɗa masa gaskiya, ya yi dariyarsa ya gama, ya ba ka guda wanda ya fi bakin kwikwiyon girma, yadda ba zai iya haɗiye shi ba. Kuma bari kwikwiyon ya kai wata uku tukuna.

Ta uku: rabu da ƙashin ƙaurin sa. Ƙashin da ya ɗauki bijimi daga Maigatari zuwa kwata ba sa'an haƙorin jariri ba ne. Shi ke fasa babban turmin sama, wanda kare ke yanka nama da shi, kuma haƙorin girma in ya karye ya tafi ke nan, babu famfara ta biyu. Ga gwaji mai sauƙi: ƙwanƙwasa ƙashin a gwiwarka. In ka ce wayyo, ya fi ƙarfinsa. Haka ma ƙashin ɓargo da aka yanka kamar zobe, yakan maƙale a muƙamuƙin ƙasa, sai ka ga kare yana yawo da awarwaro a baki, kai kuma kana yawo neman likita.

Ta huɗu: ɗauko kujera ka zauna gadi. E, kai da ka kawo shi don ya yi maka gadi, yau kai ne maigadinsa. Minti goma zuwa sha biyar sun isa, sau ɗaya ko biyu a mako. Da ka ga ƙashin ya ƙanƙance, karɓe shi, amma da dabara: miƙa masa ɗan nama da hannun dama, ka janye ƙashin da hagu. Wanda ya saba da wannan ciniki tun yana ƙarami ba zai yi maka gurnani ba in ya girma. Yara kuma su matsa, ba a wasa da kare yana kan abinci.

Ta biyar: kada ka bar shi ya buɗe asusun ajiya. Kare yana son binne ƙashi a gindin bango don gobe. A zafin watan Afrilu, ɗanyen nama ba ya kai goben lafiya, ƙwayoyin cuta irin su salmonela sun riga shi. Jefar da saura inda ba zai tono ba, ka wanke hannunka da sabulu, ka ware masa kwanonsa daban da na gida.

Ta shida: bayan ƙashi, duba kashi. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba kalmomin biyu a rubutu, a cikin kwikwiyo kuwa kwana ɗaya ne. In ya fito fari fat yana marmashewa kamar alli, ƙashin ya yi yawa, rage. In yana yunƙuri babu labari, ko yana amai, ko ka ga jini, ko ya ƙi abinci, ajiye jiƙe-jiƙe ka nufi likitan dabbobi a ranar.

Ta bakwai: ƙashi ba asuwaki ba ne. Naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, ka ɗaga leɓensa ka goge haƙoran a hankali, kullum in da hali, har ya saba da buroshi mai laushi. Man goge bakinka kuwa riƙe abinka. Kare bai iya tofarwa ba, haɗiyewa yake, kuma wasu man suna da sinadarin zailitol wanda guba ne gare shi. Yayin gogewar ka ƙirga: in ya wuce wata 7 ka ga fiƙa biyu jere wuri ɗaya, ta nono ta ƙi sauka daga mulki, likita ne zai tsige ta.

Tunda hannunka zai riƙa shiga bakinsa, a yi masa allurar rigakafin haukan kare da zarar ya cika wata uku, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato ke sarrafawa, a haɗa masa da maganin tsutsar ciki. Likitocin dabbobi da yawa ma sun fi son a bar ƙashin gaba ɗaya, a ba shi abin gwigwiya na roba ko ɗanyen karas mai sanyi. In sharuɗɗan nan bakwai sun yi maka yawa, bi tasu. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai da haƙora. Ka kuma ɗora takalmanka a kan katanga har ya cika wata bakwai.