Fangalin da ya daina jin magani

A Gidan Katta ta ƙasar Illela an yi wani Alhaji manomin albasa da ba a raina shi a noman rani. Kaka na gabatowa yake yayyafa iri, ya yi dashe da sanyi, albasarsa ta cika buhuna a kasuwar Illela, wata har ta tsallaka Konni. Ɗansa namiji ɗaya ne, saurayi, shi ya damƙa wa famfon feshi.

Wata damina yaron ya yi wa masara feshin atarazin, magani ya rage a famfo. Ƙiwar komawa gona ta sa ya tuttular da shi a inda za a yi yayyafin albasa, ya ɗauraye famfon a nan, ya yi tafiyarsa. Atarazin kuwa ba ya barin ƙasa da wuri. Masara da dawa suna jure masa, albasa ba ta iyawa. Iri ya tsiro, ya yi rawaya, ya kwanta.

Malamin gona ya zo ya duba, ya ce akwai dabara. Akwai wani gawayi na musamman da ake ƙonawa daga ƙoƙon kwakwa ko itace, a ratsa shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Giram ɗaya nasa, in da za a shimfiɗa cikin ramukan, ya wuce murabba'in mita 500. Shi likitoci ke ɗura wa wanda ya sha wasu nau'o'in guba. Masu kula da ciyawar filayen wasa a Amurka ma da shi suke kashe ƙarfin magani in ya zube, kafin su sake shuka. Malamin ya sa aka samo shi daga Sakkwato, aka dama da ruwa, aka cuɗa da ƙasar saman wurin.

"Amma Alhaji," in ji shi, "sau ɗaya ake wannan, kuma a inda abin ya zuba kaɗai. Gawayin nan ba ya tantance maganin da ya zube da wanda ka zuba da niyya. Duk wanda ya same shi riƙewa yake."

Sabon iri ya kama. Ƙanen Alhaji ya ce, "Yaya, bari in ja wa yaron nan kunne."

"Ƙyale shi, yaro ne. Ai an gyara."

Daga nan fa Alhaji ya samu hanya. Yaron ba ya awo da murfi, da ido yake tsiyaya magani. In ya ƙona fangali, uban ya sa a daka gawayin girki buhu guda, ya fita tun da asuba ya barbaɗa, ya bi da fartanya kafin maƙwabta su fito. Gawayin girki bai kai wancan ƙarfi ba, amma yawa yana cike gurbi. Ranar da yaron ya yi feshi cikin iska maganin ya faɗa wa tumatirin maƙwabci, Alhaji ya biya kuɗi cikin dare, maganar ba ta kai wurin mai unguwa ba. Ni kam ban ga laifin son ɗa ba. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa zaunar da yaron an nuna masa yawan cikin murfin da ake zuba wa famfo ɗaya ba.

A rani na uku harƙiya da guɗe-guɗe suka taso wa albasa. An fesa fendimetalin bayan dashe kamar kullum, wanda aikinsa shi ne ya zauna a saman ƙasa ya kashe ciyawa tun tana tsiro, amma haki ya fito kamar ruwa aka ba shi. Alhaji ya ninka magani. Inda gawayi ya yi kauri ciyawa ba ta ko girgiza ba, inda bai kai ba albasa ta ƙone. Ya ce jabu aka sayar masa, ya yi shirin zuwa ya ci mutuncin mai shago. Ƙanensa ya karɓi ragowar kwalbar ya fesa a tasa gonar, ciyawa ba ta fito ba.

Malamin gona ya sa hannu ya damƙo ƙasar fangalin, baƙa ƙirin har ƙasan saiwa.

"Alhaji, sau nawa?"

Bai amsa ba. Malamin ya ce gawayi ba ya ruɓewa kamar taki, shekaru zai yi a nan yana shanye abin da aka fesa wa ƙasa. Maganin da ke kashe haki ta ganye, irin gilaifoset, zai yi aiki, sai dai zai haɗa da albasar. Abin da ya rage cira da hannu, fangali bayan fangali.

Da yamma Alhaji ya kira ɗansa. Ya ɗaga masa murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce gobe da sassafe su duƙa cira. Yaron yana kan babur, abokai na jiransa a Illela. Ya dubi uban da mamaki na gaskiya, ya ce, "Baba, a zuba gawayi mana."

Washegari Alhaji da ƙanensa ne suka duƙa, su biyu, da 'yan ƙodagon da aka ɗauko da kuɗin da aka tanada don taki.