Masu Tarkace Iri-Iri Ne

Idan kana son sanin halin mutanen gida, ka jira ana saura kwana uku sallah, ko Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano. Ƙura da yana ba su taɓa haɗa kowa faɗa ba. Rigima tana tashi ne a lokacin da aka jawo abin da ke ƙarƙashin gado, wani ya ce, "Wannan kam a fitar da shi."

Wanda zai fara tsalle shi ne Alhaji Bar-Shi-Zai-Yi-Amfani. A ƙofar gidansa akwai Fijo 504, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, ta fi shekara ashirin a kan bulo, kaji sun mayar da kujerar baya ɗakin haihuwa. Tambaye shi, zai ce maka injinta lafiya lau, taya kawai take so da ɗan batir. A ɗakinsa akwai rediyo mai kaset guda huɗu, babu mai magana ko ɗaya, amma kowacce an ajiye ta ne don a ciri kayan gyaran 'yar'uwarta. Ga wayoyin Nokia masu tocila, ga cajoji sun sarƙe kamar taliya, ga damin makullai waɗanda gidajen da suke buɗewa tuni an rushe su an yi shaguna. Ranar da ɗan gwangwan ya turo kurarsa, ya ɗora keken ɗinkin da ya mutu a kan sikeli ya faɗi kuɗin kilo, sai Alhaji ya dafe ƙirji. "Kai yaro, ka san nawa na saye shi?" Yaro bai sani ba, don ko babansa ba a yaye ba a lokacin. Haka za a mayar da keken lungunsa, tsatsa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Abin haushin kuma, sau ɗaya a shekara goma akan nemi wata 'yar ƙusa a same ta a gwangwaninsa, to wannan nasarar ita zai riƙa yi wa iyali gori da ita har wata shekara goman.

Hajiya Mai Kabet ta fi shi tsari, amma jirgi ɗaya ya kwaso su. Nata kayan a goge suke, suna ƙyalli: samira, langa, kwalla, tangaran, tun na jeren aurenta. Ba a taɓa zuba tuwo a ko ɗaya ba. Baƙo ma sai ya kai wani matsayi, kuma har yau ba a haifi baƙon ba. Ta ce 'yarta take ajiye wa, alhali 'yar ta riga ta zaɓi nata a waya, ta ce ko kyauta ba ta son kwano mai zanen fure. A akwatin ƙarfenta akwai turamen atamfa na masaƙun Kaduna suna ƙamshin kafur, masaƙun sun rufe, atamfar ba ta ga tela ba. Can ƙasa kuma, a ƙulle a gefen tsumma, sule da sisi ne, kuɗin da naira ta maye gurbinsu tun 1973. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya matso, daga irin waɗannan akwatuna aka riƙa zaƙulo 'yan dubu-dubu da masu su ma sun manta da su. Ni dai ba na yi wa Hajiya dariya sosai. Kowane kwano ta san wanda ya kawo mata shi gudummawa, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Uwar Leda kuwa ba ta da dogon bayani. Leda a cikin leda, a cikin babbar leda, a rataye a bayan ƙofar kicin. Robar man shafawa ta koma gidan daddawa, gwangwanin madara gidan maɓallai. Yaro zai ga robar askirim a firij ya yi murna, ya buɗe ya tarar da miyar kuka ta shekaranjiya.

Akwai Mai Kyauta da Igiya. Wannan yana bayarwa, ba a ce ba ya yi ba. Zai ba ƙanensa babbar riga, bayan wata biyu su haɗu a ɗaurin aure ya ce, "Malam, ina rigar nan? Ban ga kana sa ta ba." Kayan sun bar ɗakinsa, amma yana bibiyar lafiyarsu kamar ɗiyar da ya aurar.

Wanda na fi tsoro shi ne Sarkin Shara. Shi ya waye, ya ce gida na bukatar iska. Sai dai duk abin da ya kira tarkace na wani ne. Takalman ƙwallonsa da suka yage tun yana sakandare tarihi ne, littattafan girkin matarsa kuwa shara. Irinsa ne ke tattara "tsofaffin takardu" ya ba mai ƙosai, sai bayan kwana biyu a tarar da takardar fili ta sha mai. Abu ɗaya ke taka masa birki: takarda mai rubutun ayoyi. Nan kowa ke nutsuwa, a ware ta gefe da ladabi.

Ga kuma Mai Canjin Masauki, wanda ke wuni yana gumi. Kayan ɗaki su koma sito, na sito su koma zaure, na zaure a cilla su saman kwano. Damina ta zo, a dawo da su ɗaki.

Ni ma ranar Asabar ɗin nan uwargida ta nuna buhun tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke kan sif, ta ce, "Malam, gara ta cinye rabi, a ba ta sauran ko a ba almajirai su hura wuta?" Na ce mata jaridar da aka fara bugawa a Zariya tun 1939 ba a yi mata haka. Na sauke buhun don in tace, na zauna karanta wani labarin wasan dambe, har aka kira azahar. Na dai fitar da guda biyu, waɗanda garar ta riga ta gama da su.